Baƙin da suka sauka a Johannesburg: yadda aka haɗa fim ɗin District 9

Karo na farko da na kalli District 9 ban kai ƙarshensa ba. A wani gidan kallo ne cikin Zangon Kumasi, a shekarar 2010, irin gidajen nan da ake jera benci a ɗora talabijin bisa tebur, a biya kuɗi a bakin ƙofa. Da aka iso wurin da aka nuna wasu da aka ce 'yan Najeriya ne, wai suna cin naman wata halitta don ƙarfinta ya koma jikinsu, sai na miƙe na kaɗe rigata na fita. Mu uku muka fita a daren. Abokina mai sayar da takalma bai daina tsaki ba har muka kai bakin titi.

Ban sake waiwayar fim ɗin ba sai bayan ƙaramar sallar da ta wuce, kuma ɗana ne sila. Ɗan fari ne, ku yi mini uzuri, ba zan kama sunansa ba. Shekararsa 17. Goro ne ya kawo kakana Kumasi, mahaifina ya gaji kasuwa a hannunsa, ni kuma yau caja da batir da murfin waya nake sayarwa a Adum. A lissafina yaron nan shi zai karɓi shago. A nasa lissafin kuwa laftof yake so in saya masa, wai zai koyi siddabarun kwamfuta irin wanda ake yi a finafinai. Na ce masa ƙarya ce kawai ake shiryawa a sayar wa mutane, na kuma kawo masa misali da fim ɗin da ya fitar da ni daga gidan kallo.

Ya ce, "Baba, ka ga yadda aka yi shi kuwa?"

Na ce ban gani ba, ba na kuma bukata.

Ya ce, "Don Allah ka ba ni minti ashirin bayan isha'i."

Minti ashirin ɗin nan ya zama dare uku. Abin da na gani da wanda na karanta daga baya shi ne zan ba ku, don na lura da yawa cikinmu mun ji sunan fim ɗin ne kawai ta dalilin rigimar da ya tayar.

Ga wanda bai kalla ba, labarin a taƙaice ke nan. Wani ƙaton kumbo ya zo daga wata duniya a 1982 ya tsaya cak a saman birnin Johannesburg na Afirka ta Kudu, bai sauka ba, bai tafi ba. Da mutane suka gaji da jira suka fasa shi, sai suka tarar da halittu sama da miliyan ɗaya a ciki, yunwa da ciwo sun gama da su. Aka sauko da su aka killace a wani fili, filin ya rikiɗe ya zama unguwar bukkokin kwano. Bayan shekara ashirin da ɗoriya mutanen gari suka ce sun gaji, a kwashe su. Aka ɗauki wani kamfani aikin mayar da su can nesa da birni, kamfanin kuma ya ɗora wani ma'aikacin ofis mai suna Wikus a kan aikin bi gida-gida yana raba takardar tashi.

Wanda ya ba da umarnin fim ɗin, Neill Blomkamp, haifaffen Johannesburg ne, an haife shi a 1979. Yana ɗan shekara 18 iyayensa suka yi ƙaura da shi zuwa Vancouver ta ƙasar Kanada. Wato shi ma ya ɗanɗani zama a garin da ba nasa ba, ko da yake baƙuncin Bature a Kanada da namu a nan ba ɗaya ba ne. A can ya koyi aikin zane da kwamfuta, ya riƙa yin tallace-tallace da gajerun finafinai. Ɗaya daga cikin gajerun, mai suna Alive in Joburg, bai wuce minti shida ba, kuma shi ne tushen District 9.

A nan ne na fara gyara zama. A cikin gajeren fim ɗin ana nuna mutanen gari, baƙaƙen fata talakawa, suna magana da kyamara a kan halittun nan: ba mu san abin da ke ransu ba, hankalinmu bai kwanta da su ba, gara a kwashe su. Kana gani ka san ba haddacewa suka yi ba, daga ciki maganar take fitowa. Ashe kuwa wasunsu ba 'yan wasa ba ne. Blomkamp da bakinsa ya bayyana cewa tambayar da ya yi musu ba a kan wata halittar sama ba ce, a kan 'yan Najeriya da 'yan Zimbabuwe da ke zaune a unguwanninsu ya tambaye su. Sai ya ɗauki amsoshin yadda suke, ya manna su kusa da hoton dodanni.

Na sa yaron ya mayar da wurin baya har sau uku. Wallahi maganganun nan na san su. Na ji su a layin banki, na ji su a cikin mota, na ji su a rediyo duk lokacin da aka tashi rigimar shaguna, kamar wadda aka yi a Suame cikin 2019 da aka garƙame shagunan 'yan Najeriya.

Akwai kuma wani abu a cikin harshen Turanci da ya sa dabarar ta zauna daram. Kalmar da suke kiran halittar wata duniya da ita, wato alien, ita ce dai kalmar da doka ke kiran baƙon da ba ɗan ƙasa ba da ita. Mu a gidanmu ba a fim muka fara jin ta ba. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Kofi Busia ta fitar da dokar nan ta Aliens Compliance Order, ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar Ghana. Mahaifina yana saurayi a lokacin. A Kumasi aka haife shi, bai taɓa taka Kano ba, amma sai ga shi a bayan babbar mota shi da iyayensa da tabarmi da tukwane. Zan dawo kan wannan.

Yadda gajeren fim ya zama dogo, shi ma labarin kasuwa ne. Peter Jackson, mutumin New Zealand da ya yi finafinan The Lord of the Rings, ya ga ayyukan Blomkamp ya ɗauko shi don ya ba da umarnin wani babban fim da za a gina a kan wasan kwamfuta mai suna Halo. An yi watanni ana shiri, sai a 2006 kamfanonin da za su zuba kuɗi, Universal da Fox, suka janye. Duk wanda ya taɓa kama shago ya yi fenti, sannan mai ba shi kaya bashi ya ce ya fasa, ya san yadda abin yake. Maimakon a sallami yaron ya koma gida, Jackson da abokiyar aikinsa Fran Walsh suka ce ya faɗaɗa ɗan fim ɗinsa na Johannesburg. Shi da Terri Tatchell suka rubuta labarin. Aka samo dala miliyan 30. A kunnenmu kuɗi ne na fitar hankali, amma a wancan fagen jarin mai tebur ne: Avatar, wanda ya fito a shekara ɗaya da shi, ya ci sama da dala miliyan 200.

Ƙarancin jarin ya sa dole a yi dabara, kuma dabarar farko ita ce kada a gina unguwar ƙarya. Suka je Chiawelo, wani yanki na Soweto, inda akwai unguwar bukkoki ta gaske a gefen juji. Mazauna wurin hukuma tana kwashe su a lokacin zuwa gidajen da gwamnati ta gina. To bukkokin da kuke gani a fim ɗin, da kwanon da ya yi tsatsa, da tayoyin da aka danne rufi da su, da kwalaben da suka farfashe a ƙasa, duk na mutane ne da ba su daɗe da fita ba. Bukkar babban baƙon, wanda aka laƙaba wa suna Christopher Johnson, ita ce aka gina musamman. Ku duba fa: fim a kan tashin mutane, a gidajen mutanen da aka tasa.

Sun zaɓi lokacin sanyin can, wajen Yuni da Yuli, saboda a lokacin garin yakan bushe ya yi ƙura da hayaƙi, kamar hunturunmu. Da suka koma cike wasu wurare a Disamba, damina ta sauka, ciyawa ta yi kore shar, sai da aka rage koren don hotunan su yi daidai da na farko.

Abin da ba su shirya ba shi ne abin da ya ɓarke a watan Mayun 2008. Daga unguwar Alexandra aka fara, ya bazu zuwa wasu unguwanni da garuruwa: matasa da sanduna da adduna suna farautar baƙi 'yan Afirka, 'yan Mozambik da Zimbabuwe da Malawi da Somaliya da sauransu, ana fasa shagunansu ana ƙona ɗakunansu. Mutum 62 aka kashe, dubbai suka kwana a harabar ofisoshin 'yan sanda da tantuna. Masu fim suna Soweto da kyamarori suna shirya korar baƙin ƙarya, a ɗaya gefen birnin kuma ana korar na gaske. Tantunan da aka nuna a fim a matsayin sabon sansanin halittun, da waɗanda aka kafa wa mutanen da aka kora, in ka ajiye hotunan kusa da juna sai ka duba da kyau.

Sai batun jarumin. Sharlto Copley, wanda ya fito a Wikus, ba ɗan wasa ba ne kafin nan. Harkar shirya finafinai da talabijin yake yi, kuma tun Blomkamp yana ɗan makaranta suka san juna, shi ne ma ya riƙa barin yaron yana amfani da kwamfutocin kamfaninsa. Wannan wurin ɗana ya tabbatar na ji shi da kyau, har da kallona ta gefen ido. Ba a ba Copley maganganu ya haddace ba. Za a gaya masa abin da ake so ya faru a wurin, shi kuma ya faɗi abin da ya zo bakinsa. Shi ya sa Wikus ya fito kamar wanda ka sani: ɗan ofis mai rigar sanyi marar hannu, da murmushi, da allon takarda a hannu, yana ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa a sa hannu a nan. Ba mugu ba ne mai zare ido. Yana ma ganin taimako yake yi. In halittar ta buge takardar da hannu, sai ya ce ai wannan ma sa hannu ne. Na yi dariya a wurin, dariyar da ba ta kai ciki ba. Duk ɗan kasuwar da ke zaune a ƙasar wasu ya taɓa haɗuwa da mai irin wannan murmushin.

Yanzu ga wurin da ya sace zuciyar ɗana. Halittun nan da ake gani suna tafiya suna tonon shara suna faɗa, babu ko ɗaya a filin. Mutum ɗaya ne, Jason Cope, ya yi wasan kusan duk waɗanda ke magana. Zai sa wata matsattsiyar riga mai ruwan toka da aka yi wa alamomi, ya tsaya gaban Copley, su yi wasan tare, su yi musu, su ture juna. Daga nan a aika hoton Vancouver, wurin wani kamfani mai suna Image Engine. Su kuma su bi hoton ɗaya bayan ɗaya su goge Cope, su cike bangon da jikinsa ya tare, sannan su dasa halittar a gurbinsa tana bin motsinsa. A kowace daƙiƙa ta fim akwai hoto 24. Sun yi wa fitowa sama da 300 wannan aikin. Ga shi kuma an ɗauki fim ɗin da kyamara a kafaɗa, tana rawa kamar ta 'yan jarida, don haka dole halittar ta yi rawa tare da hoton, inuwarta ta faɗi inda rana ta ce, ƙurar Soweto ta hau jikinta. Yaron ya tsayar da hoton ya nuna mini ƙafar wata halitta inda ta taka ƙasa. Ya ce, "Baba, nan ne ake gane gwani. In ƙafar ba ta zauna ba, ido zai ƙi yarda." Ni da na ce ƙarya ce kawai, na ga ƙaryar tana da wahala fiye da dinkin babbar riga.

Kamfanin Weta Workshop na New Zealand ne ya zana siffar halittun, shi ya ƙera bindigoginsu da hannun roba da aka riƙa sa wa Copley lokacin da jikinsa ya fara rikiɗa. Ɗan'uwansa Weta Digital yana fama da aikin Avatar, don haka kumbon kawai ya ɗauka. An so halittun su ba mutum ƙyama da farko, shi ya sa aka yi su kamar ƙwari, da ɓawo a jiki da gashin baki mai motsi. Sunan raini da ake kiran su da shi a fim, wato jatan lande, daga wani ƙaton gyare ne da ke addabar gidajen Johannesburg. Amma darakta ya gane cewa in aka bar su ƙwari zalla, ba mai jin tausayinsu. Sai aka tsayar da su da ƙafa biyu, aka ba su idanu manya masu laushi irin na abin da ke shayarwa. Ka fara kallo kana yamutsa fuska, kafin a kai tsakiya ka tsinci kanka kana addu'a Christopher da ɗan ƙaramin ɗansa su tsira. Idon ne ya yi aikin. Hatta maganarsu mai ƙyas-ƙyas, masu haɗa sauti da kabewa suka samo wani ɓangarenta, suna goga ta gaban makirufo. Uwargida da ta ji wannan ta ce ashe miyan taushe ake ɓarnatarwa.

Sunan fim ɗin kansa ishara ce. A birnin Cape Town akwai unguwa mai suna District Six. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ce ta Turawa ce zalla, aka kwashe mutum sama da 60,000 aka rushe gidajensu. Da za a tallata fim ɗin a Amurka a 2009, sai aka riƙa manna alluna a tashoshin bas da kujerun bakin titi masu cewa na 'yan Adam ne kaɗai, kwaikwayon allunan wancan zamani. Tallar ta ci. Fim ɗin ya fito a watan Agusta, ya tara sama da dala miliyan 200, ya shiga takarar Oscar a rukuni huɗu har da na fim mafi kyau, ko da yake bai ɗauki ko ɗaya ba.

To, sai abin da ya fitar da ni daga gidan kallo. Na sake kallonsa da idon da ya san duk abin da na lissafa muku, kuma har yanzu bai yi mini daɗi ba. Ya ma fi ciwo. Mutumin da ya ji da kunnensa abin da ake faɗa a kan 'yan Najeriya a titi, ya gane zalunci ne har ya gina fim a kai, shi ne kuma ya juyo ya zuba 'yan Najeriya a fim ɗin a matsayin 'yan daba masu sayar wa halittun abincin kyanwa na gwangwani da tsada, masu safarar makamai da karuwai, masu bin boka suna cin nama ɗanye. Shugabansu sunansa Obesandjo, kowa ya san sunan wa aka karkata. Wanda ya yi wasan, Eugene Khumbanyiwa, ɗan Malawi ne. Na kasa kunne iya kasawa, ban ji Hausa ko Yarbanci ko Ibo a bakinsu ba. An ɗauki wata da watanni ana gyara idon ƙwaro don mu ji tausayinsa, amma ba a ɗauki yini ɗaya an nemo yadda ɗan Najeriya ke magana ba.

A watan Satumban 2009 ministar yaɗa labaran Najeriya, Dora Akunyili, wadda a lokacin take jagorantar kamfen ɗin gyara sunan ƙasar, ta sa a daina nuna fim ɗin a sinimomi, ta nemi kamfanin Sony ya ba da haƙuri. Masu kare fim ɗin suka ce ai Turawan ciki sun fi kowa mugunta, su ne ke yanka halittun a ɗakin gwaji. Gaskiya ne. Sai dai Baturen an ba shi Wikus, an ba shi mata da ke kuka, an ba shi damar tuba. Mu ba a ba mu ko mai sayar da lemo ɗaya mai mutunci ba.

Ɗana bai yi mini musu a kan wannan ba. Abin da ya ce shi ne, "To Baba, wa zai yi namu?" Na ce masa kada ya yi mini wayo.

Ban kuma so in yi kamar mu ba mu taɓa riƙe allon takardar ba. A Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita daga Najeriya, kusan mutum miliyan ɗaya 'yan Ghana suka kwaso kaya. Jakar nan mai ratsi da muke sayarwa a kowace kasuwa, daga nan ta samo sunanta. Na gaya wa yaron wannan ma, don makarantarsu ba ta gaya masa ba.

Laftof dai na saya, ta hannu, bayan ciniki na kwana biyu da wani maƙwabcina a Adum. Na kafa sharaɗi biyu. Na farko, ranar Asabar yana shago daga safe har la'asar. Na biyu, kafin ya zana mini wani dodo, ya je ya ɗauki kakansa. Mahaifina ya haura 70, ya dawo Kumasi shekaru bayan korar, ya tarar da wani a ɗakin da aka haife shi, kuma ban taɓa jin ya ba da labarin daga farko har ƙarshe ba. Gutsure-gutsure muke tsinta, yawanci in an yi rasuwa tsofaffi sun taru.

Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci muka je. Yaron ya jingina waya a kan gwangwanin madara, ya sa tsohon ya matsa kusa da taga saboda haske. Tsoho ya gyara hularsa ya dube shi.

"Kai, ɗan nema, abin naka ya kama?"

"Ya kama, Kaka. Ka fara daga ranar da aka yi sanarwa."

"A'a. Daga goro zan fara. Huhu goma sha ɗaya ne a ɗakin Baba ranar. Ka san nawa aka saye su?"

Yaron ya ce bai sani ba. Tsoho ya ce to ya yi shiru ya ji.